Jarkar Kaka da Ruwan Wikki: Abin da Ruwan Ɗumi Yake Yi wa Jiki

Ranar da na je gida Zuru na gaya wa Kaka cewa ajinmu zai tafi ziyarar karatu Yankari, ko giwa ba ta tambaye ni ba. Ɗaki ta shiga da sandarta, ta jawo wata farar jarka mai cin lita 5, ta ɗauraye ta, ta miƙo mini.

"Ungo, maigida. An ce can akwai ruwan da ke fitowa da zafinsa daga ƙarƙashin dutse, ba itace ba gawayi. Ka ciko mini. In ka dawo hannu rabbana, to na sake miji."

Na yi dariya, amma maganar ba ta wasa ba ce. Shekara shida ke nan gwiwoyinta suna damunta. Matar da a da take zuwa kasuwa da ƙafa ta dawo da kaya a ka, yanzu daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta. Ta daina zuwa asibiti, wai ƙwayoyin ba sa yi mata komai. Shi kuwa Baba ya riga ya yanke shawara: idan ta shafa ruwan ta ji dama, zai sayar da buhun dawa biyu da akuya ya kai ta can da kansa ta yi wanka. Kun ga ke nan abincin gidanmu na wata da watanni ya rataya a wuyan jarkar nan.

Shi ya sa na tafi Yankari da tambaya ɗaya a raina: mene ne a cikin ruwan nan, kuma zai yiwu a ɗauko shi a jarka? Abin da na gano shi ne darasin da nake so mu yi tare a wannan fitowa, 'yan uwana ɗalibai, don na san kusan kowannenmu yana da tsoho ko tsohuwa a gida mai kukan gaɓoɓi.

Wikki da idona

Yankari tana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar wa gwamnatin jihar. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga Bauci za ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar dajin a Mainamaji. Daga ƙofar kuma sai ka ƙara tafiyar fiye da kilomita 40 kafin ka kai sansanin Wikki, inda masaukai suke, inda kuma gwaggon biri ke fizge wa baƙi burodi ba kunya ba tsoron Allah.

Daga sansanin akwai matakala da ke gangarawa zuwa maɓuɓɓugar. Ruwan yana fitowa ne daga gindin wani tsaunin dutse, ya kwanta a kan farin yashi, garai-garai har kana iya ƙirga yatsun ƙafarka. Faɗinsa kamar mita 13, wuri mafi zurfi kusan mita 2, daga nan ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Ba ya wari, ba ya da wani ɗanɗano.

Mun sauka da sassafe, cikin hunturu, kowa na rawar ɗari. Malaminmu ya ba ni ma'aunin zafi na tsoma, ya tsaya a digiri 31 a ma'aunin Salsiyas. Da azahar, rana ta take, muka sake aunawa: 31. Bayan sallar isha'i: 31. Abin da aka rubuta game da Wikki shi ne digiri 31.1, dare da rana, rani da damina. Yawan ruwan da take fitarwa kuwa lita miliyan 21 ne a kowace rana. Ku ɗauko kalkuleta mu gani. Yini da kwana daƙiƙa 86,400 ne. In ka raba za ka samu kimanin lita 243 a kowace daƙiƙa. Wato kusan jarka 10 irin ta 'yan garuwa, mai lita 25, kafin ka ƙifta ido. A rana ɗaya jarka 840,000. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a hostal ya san abin da wannan lissafi yake nufi.

Wa yake hura wutar?

Amsar ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Ku tuna ruwan rijiya ko na burtsatse da asuba lokacin sanyi. Ruwan da ya kwana a bokiti kamar ƙanƙara, amma wanda aka jawo yanzu daga rijiya sai ka ji shi da ɗumi-ɗumi. Dalili shi ne sanyin dare da zafin rana iyakarsu fatar ƙasa. In ka nutsa 'yan mitoci kaɗan, zafin ƙasa ba ya canzawa sosai duk shekara. In ka ci gaba da nutsawa kuma, ƙaruwa yake yi: a yawancin wurare ana samun ƙarin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya ta zurfi. Zafin nan yana fitowa ne daga cikin duniya, wani tun na farkon samuwarta, wani kuma daga wasu sinadarai da ke cikin duwatsu, irin su yuraniyom, waɗanda ke sakin zafi a hankali.

Kafin a samu maɓuɓɓugar ruwan ɗumi sai abu uku sun haɗu. Na farko, ruwan sama ya samu hanyar tsuma ya nutse can ƙasa ta cikin yashi ko dutse mai ƙofofi. Na biyu, ya yi zurfin da zai ɗauki zafi. Na uku, ya samu tsaga a cikin dutse da zai bi ya hauro da sauri, kafin ya huce. In na ukun ya ɓace, ruwan zai fito da sanyinsa kamar kowane marmaro.

Ga wani ɗan lissafi da na yi da kaina, na kintace ne kawai don mu fahimta. Mu ɗauka zafin ƙasa kusa da sama digiri 26 ne. Wikki ta ɗara haka da digiri 5. In kowace kilomita tana ƙara 25, to zurfin mita 200 ya isa ya ba da wannan ƙari. Tunda ruwa yana rasa wani zafin a hanyarsa ta haurowa, ainihin zurfin zai fi haka. Abin lura dai shi ne ba sai an kai ga wuta ba kafin a samu ruwan ɗumi. A garin Bath na Ingila, inda ruwan ke fitowa da digiri 46, ruwan saman da ya sauka a tsaunukan yankin yana nutsawa fiye da kilomita 2 kafin ya dawo. A Japan da Aisilan kuwa, inda ake da duwatsu masu aman wuta, narkakken dutse yana kusa da sama, shi ya sa a can ake samun maɓuɓɓugan da ke tafasa.

Mu a Zuru muna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan rijiyoyinmu yana kwance a cikin ɓurɓushin da ke saman dutsen da ƙananan tsagogi, ba ya yin nisa, don haka ɗumin asuba shi ne rabonmu. Yankari kuwa tana gefen babban kwarin Binuwai, wanda ya samu lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce. Kwarin cike yake da dutsen yashi mai kauri da tsagogi masu zurfi. Shi ya sa maɓuɓɓugan ɗumi suka yi yawa a wannan layi: ban da Wikki akwai wasu ƙanana a cikin Yankarin kanta, akwai ta Akiri a ƙaramar hukumar Awe ta Jihar Nasarawa, akwai kuma wadda ake kira Ruwan Zafi a Lamurde, Jihar Adamawa. A kudu akwai Ikogosi ta Jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke gangarowa su haɗu.

Me yake yi wa jiki?

Na shiga ruwan har wuya na tsaya kamar rabin awa, kuma gaskiya gajiyar mota ta yini guda sai na neme ta na rasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, yana da bayani.

Abu na farko ɗumi ne. Idan fata ta ji ɗumi, jijiyoyin jini suna buɗewa, jini ya ƙara gudana zuwa tsoka, tsokar da ta ɗaure ta saki, raɗaɗi ya lafa. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a haifi mai littafin kimiyya: gashi da tsumma da ruwan zafi ai shi ke nan.

Abu na biyu, wanda na fi so ku riƙe, shi ne ruwa yana ɗauke wa mutum nauyinsa. Dokar Arkimidis ce da muka haddace don jarrabawa muka manta. In ka tsaya a ruwa zuwa ƙugu, ƙafafunka suna ɗauke da kusan rabin nauyinka ne kawai. In ya kai wuya, kusan kashi ɗaya cikin goma. Kaka tana da kilo 60. A cikin Wikki gwiwoyinta za su ɗauki kilo 6 ne kacal. Dole ta ji kamar ta koma budurwa. Za ta iya lanƙwasa ƙafa ta miƙe ba tare da kuka ba, kuma wannan motsi shi kansa yana taimakon gaɓa. Saboda haka ne masu gashin ƙashi a manyan asibitoci suke sa marasa lafiya atisaye a cikin kwamin ruwa mai ɗumi.

Abu na uku hutu ne. Wanda ya bar gona ko ofis, ya kashe waya, ya yi kwana uku yana barci da wuri, ba hayaniya ba bashi, dole jikinsa ya gaya masa. Mutane sukan jingina wa ruwan abin da hutun ya yi.

Akwai kuma maɓuɓɓugan da ruwansu ke ɗauke da gishiri ko farar wuta, har ka ji suna wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Masu wasu cututtukan fata sukan ji sauƙin ƙaiƙayi in sun yi wanka da irinsu. A Tafadek, arewa da Agadas cikin duwatsun Azbin a Nijar, mutane sun daɗe suna yin tattaki su yi kwanaki suna wanka saboda ciwon gaɓoɓi da na fata. Rumawa sun gina wuraren wanka a kan ruwan Bath tun ƙarni na farko. Japan har doka ta yi a 1948 wadda ta fayyace ruwan da za a kira maɓuɓɓugar wanka: ya kai digiri 25, ko ya ƙunshi wasu sinadarai da aka lissafa. Wato duk inda ɗan Adam ya ga ruwa ya fito da ɗuminsa, sai ya kai ciwonsa can.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ciwon gwiwa irin na tsufa yana zuwa ne idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi ya fara gogar ƙashi. Ruwan ɗumi yana rage zafin ciwon, yana sassauta gaɓa, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Haka nan ba ya warkar da hawan jini, ba ya warkar da ciwon suga, ba ya ba da haihuwa. Sauƙi daban, waraka daban. Wanda ya haɗa su ya ajiye maganinsa na asibiti, shi ne yake shiga uku. Duk mai lasifika a tasha, ko mai talla a Facebook da WhatsApp, da ya ce maka ga ruwan wani dutse mai maganin cuta arba'in, ka tambaye shi ta wace hanya yake aiki a jiki. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Inda ruwan zafi yake cutarwa

Wikki tana da sauƙin kai saboda digiri 31 bai kai zafin jikin mutum ba, wanda yake 37. Shi ya sa za ka daɗe a ciki ba ka galabaita ba. Ruwan da ya haura digiri 40 kuwa wani abu ne daban. Jijiyoyi suna buɗewa sosai, ƙarfin bugun jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu, gumi ya zuba ba ka sani ba. Mutum yana miƙewa sai jiri, in babu kowa kusa ya faɗi a cikin ruwa. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da ƙananan yara, su guji daɗewa a irin wannan ruwa. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka yi dindiris yana iya ƙonewa bai ji ba.

Wannan magana ta shafe mu har cikin gida. Kowa ya san wankan jego: kwana arba'in mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa da ganye, tana shan kunun kanwa, a wasu wuraren har da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da yawan kanwa haɗe da tsananin zafin nan. Ba ina cewa a zubar da al'ada ba ne. Ɗumi yana da amfani ga mai jego. Sai dai a sirka ruwan, a rage kanwa, kuma in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya fara sama-sama, a nufi asibiti ba a ƙara itace ba.

Akwai kuma ƙwayoyin cuta. Ɗumin da ke yi mana daɗi su ma yana yi musu. Akwai wata ƙwaya da ke rayuwa a ruwan ɗumi wanda ba na gishiri ba. In ruwa ya shiga hanci da ƙarfi tana iya haurawa ƙwaƙwalwa. Da wuya a kamu da ita, amma da wuya wanda ya kamu ya tashi. A 1978 wata yarinya ta rasu bayan ta yi iyo a ruwan Bath, aka rufe wurin wankan, kuma sai a 2006 aka buɗe sabo da ruwan da ake tacewa. Don haka in ka je irin waɗannan wurare, kada ka yi tsalle ka faɗa da ka, kada ka shaƙa, kada ka sha, kada ka shiga da buɗaɗɗen rauni. Kuma kar ɗumin kududdufi da rana ta gasa ya ruɗe ka: can gidan tsargiya ne.

Na dawo da jarka

Na cika jarkar, don alkawari kaya ne. Tun kafin mu kai Bauci na taɓa ta na ji ta huce. Da na isa Zuru bayan kwana biyu, ruwan ba shi da maraba da na randarmu. A nan darasin ya zauna mini daram. Abu uku ke sa mutum jin daɗin Wikki: ɗumi, da ɗauke nauyi, da hutu. Ko ɗaya a cikinsu ba ya shiga jarka.

Da dare na samu Baba na yi masa bayani kamar yadda na yi muku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato in na kai ta, za ta ji daɗi kwana uku, mu dawo ba dawa ba akuya, gwiwa na nan." Na ce haka ne, Baba, ga kuma wahalar mota ta yini guda a kan gwiwar da ba ta son zama.

Kaka ce ta fi wuyar sha'ani. Ta tsoma yatsa a ruwan, ta harare ni.

"Kai maigida, ko dai a famfon tasha ka ɗebo mini?"

Na rantse mata. Na ce zafin ne ya gudu a hanya, kuma zafin shi ne rabin maganin, sauran rabin kuwa sai mutum ya shiga ciki. Ta ce to ai zafi ba ya gagarar mai murhu. Wallahi ta riga ni kai wa ga amsar.

Abin da muka yi ke nan. Na lallaɓa ta muka koma asibiti, likita ya duba ta, ya canza mata magani, ya nuna mata motsa ƙafar da za ta riƙa yi a zaune. Safe da yamma ƙanwata tana ɗumama ruwa, ta gwada da gwiwar hannunta. In ba za ta iya barin hannun a ciki ba, to ya yi zafi, sai ta sirka. Ta jiƙa tawul ta naɗe gwiwoyin kamar minti 15 zuwa 20, tana sabuntawa in ya huce, daga nan Kaka ta yi motsin da aka koya mata tun jikin yana sake. Likitan ya ja kunnenmu cewa ranar da gwiwar ta kumbura ta yi ja tana zafi, a dakatar da gashin a dawo wurinsa. Ba ta warke ba, sandarta na nan. Amma yanzu tana fita ƙofar gida ta zauna da maƙwabta, kuma dawarmu tana cikin rumbu.

Saƙona gare mu ɗalibai biyu ne. Na ɗaya, duk wanda ya samu hali ya je Yankari. Wurin ya cancanci a gani, kuma hutawa ba laifi ba ce; ku dai je da sunan hutu da karatu. Masu karanta harkar otal da yawon buɗe ido, da masu gwaje-gwajen kimiyya, da masu nazarin ƙasa, duk akwai abincinku a irin waɗannan wurare: wani zai auna tsabtar ruwan, wani zai kula da baƙi, wani zai kare dajin da ke shanye ruwan saman da ke ciyar da maɓuɓɓugar. Na biyu, a gidajenmu da yawa mu ne 'yan bokon da ake tambaya kafin a kashe kuɗi a kan magani. Difloma da ba za ta iya hana a sayar da akuyar gida a banza ba, ban ga ranarta ba.

Ita kuwa jarkar, Kaka ta hana a zubar. Ta ce ruwan da ya yi tafiya tun daga Bauci ai baƙo ne, ba a wulaƙanta shi. Kullum sai ta sa a ɗiga kaɗan a cikin ruwan gashin. Na bar ta, tunda ba sha take yi ba, kuma maganinta na asibiti ba ta fasa ba. Da na zo komawa makaranta ta ce aure na nan, ba ta sake miji ba, amma in za mu sake tafiya in zo mata da giwa.